Faci Ya Fito, Mod Ya Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Buga Minecraft a Kebbi

Duk lokacin da Mojang, kamfanin da ke yin Minecraft, ta saki gyara ga wasan, wato faci, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a bakin masu buga gem ɗin a nan Kebbi, tun daga samarin Badariya da Gesse a Birnin Kebbi har ɗaliban Kalgo da Aliero da ke haɗa kuɗi su riƙe 'yar sabar tasu, wato kwamfutar da ke riƙe duniyar da suke bugawa tare. Jiya wasa lafiya lau, yau ya ƙi buɗewa. Wannan ya ce kamfani ya ɓata gem, wancan ya ce mod ɗin wane ne, wato ƙarin da 'yan wasa ke rubutawa su ɗora a kan gem. Ga tambayoyin nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Yawancin bayanin na Minecraft ɗin kwamfuta ne, wanda ake kira Java, amma masu waya ma akwai rabonsu.

Mene ne facin daidaita wasa, kuma me ya raba shi da babbar sabuntawa?

Babbar sabuntawa ita ce wadda ido ke gani: sababbin dabbobi, sababbin duwatsu, sabon yanayin ƙasa. Siga ta 1.18 da ta fito a ƙarshen Nuwamba 2021 irinta ce, ta zurfafa ƙasa har zuwa -64, ta ɗaga sama zuwa 320. Faci kuwa ba ya zuwa da abin kallo. Aikinsa toshe ɓaraka: abin da ke sa gem ya rufe kansa ana tsakiyar wasa, ko sabar ta faɗi, ko kaya su ɓace daga akwati, ko wani mugu ya samu ƙofar shigowa. An saki 1.20 ranar 7 ga Yuni 2023, ranar 12 ga wata 1.20.1 ta biyo baya don gyara abin da aka gano. Haka 1.21.1 ta Agusta 2024, ta zo ne don toshe hanyoyin da ake bi a kayar da sabar.

Amma kada lambar ƙarshe ta ruɗe ka. 1.20.5 ta Afrilu 2024 a ido ƙaramin faci ce, alhali ta sauya yadda gem ke rubuta bayanan takobi da gatari da duk wani abu da ɗan wasa ke riƙewa, ta wajabta siga ta 21 ta manhajar Java da gem ɗin ke tafiya a kanta, ta kuma daina aiki a kwamfutar da tsarinta 32-bit ne. Aikin da ta ba masu mod bai gaza na babbar sabuntawa ba. Abin dubawa shi ne bayanin da kamfani ke fitarwa tare da facin, ba lambarsa ba.

In dai gyara ne, me ya sa yake kashe mod?

Saboda Minecraft na Java ba shi da wata ƙofa ta hukuma da aka ware wa mod, wadda kamfani ya yi alkawarin ba zai taɓa ta ba. Mai mod kutsawa yake yi cikin rubutun gem ɗin kansa, ya ce: a daidai wannan layi, kafin a lissafa yunwar ɗan wasa, a fara gudanar da nawa. Kamar mai shayi ne da ya jingina rumfarsa da katangar wani gida. Ranar da mai gida ya rushe inda ya tsage ya sake gini, gyara ya yi, babu mugunta a ciki, amma rumfa ta zo ƙasa. Kuma wuraren da faci ya fi taɓawa, wato yadda ake ɗora sassan ƙasa, yadda ake ajiya, yadda saƙo ke tafiya tsakanin ɗan wasa da sabar, su ne dai wuraren da manyan mod-mod suka fi jingina.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi wancan yawa. Kowane mod yana ɗauke da ɗan fayil da ke faɗin sigogin da ya yarda ya yi aiki da su. Idan mai shi ya rubuta 1.21 kaɗai, loda, wato manhajar da ke ɗora mod a kan gem irin su Forge da Fabric, za ta ƙi ɗora shi a 1.21.1 ko da babu abin da ya karye a zahiri. Wannan ƙin alheri ne: gara gem ya ƙi tashi da ya tashi ya lalata maka duniya a ɓoye.

Shekaru da yawa kuma sunayen da ke cikin rubutun gem a ɓoye suke, suna sauyawa daga siga zuwa siga, sai masu mod sun bi ta jadawalin fassara. Mojang ta fara wallafa nata jadawalin a 2019, a Oktoba 2025 kuma ta sanar za ta daina ɓoye sunayen gaba ɗaya. Wannan ya rage wa masu mod wahala, amma bai hana faci karya mod ba, tunda rubutun da kansa yana sauyawa.

Forge, Fabric, NeoForge: wacce ce ta fi saurin farfaɗowa bayan faci?

Fabric, a mafi yawan lokaci. Ƙarama ce, an gina ta don ta riƙa bin sawun sababbin sigogi, sau da yawa tana shirye tun ranar da siga ta fito. Forge ce tsohuwa, manyan tarin mod na da duk a kanta suke. NeoForge ta balle daga Forge a Yuli 2023, kuma masu manyan mod-mod da dama sun koma can. Sai dai shirin loda ba shirin mod ba ne. Loda na iya fitowa yau, mod ɗin da ka fi ƙauna ya yi wata biyu bai iso ba. Kuma mod ɗin Fabric ba ya hawa Forge, na Forge ba ya hawa Fabric, ko da sunansu ɗaya ne. A duba wanda aka sauke.

To in faci ya fito, in sabunta nan take ko in jira?

Idan ba ka da mod ko ɗaya, sabunta, bayan ka yi kwafin duniyarka. An yi facin ne dominka.

Idan kana da mod, jira. Babu wanda ya tilasta maka komawa sabuwar siga a Java: a manhajar buɗe gem akwai sashen Installations, inda za ka ƙirƙiri shigarwa ka kafe ta a sigar da kake so, ka ba ta foldarta daban. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin shigarwar a kan Latest release, wadda ke bin duk abin da ya fito, alhali duniyarka da mod ɗinka suna cikin folda guda da ita. Prism Launcher da manhajojin Modrinth da CurseForge, manyan shafukan sauke mod, sun fi sauƙaƙa wannan, domin kowane tari yana zaune a ɗakinsa. Ka jira har duk mod-mod ɗin da ba za ka iya rabuwa da su ba sun fitar da nasu, sannan ka gwada a kan kwafi. Ra'ayina, in tarin da kake da shi ba ya faɗuwa kuma matsalar da facin ya gyara ba ta taɓa ka ba, babu laifi ka yi shekara a inda kake. Abu ɗaya ne ya fita daga wannan hukunci, shi ne na tambaya ta gaba.

Akwai facin da ba a yi masa jira?

Akwai: na tsaro. A Disamba 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, wani ɓangaren Java da Minecraft ke rubuta rahotonsa da shi. Mutum zai iya rubuta saƙo a wurin hira na cikin gem, saƙon ya sa kwamfutar wani ko sabar kanta ta gudanar da umarnin da mai ita bai sani ba. Ranar 10 ga Disamba Mojang ta saki 1.18.1, ta kuma fitar da bayanin yadda masu sabar tsofaffin sigogi za su toshe tasu ba tare da sun bar sigarsu ba. Masu loda ma suka fitar da nasu gyaran.

Abin lura a nan, ko mai tsohuwar siga yana da abin sabuntawa: lodar kanta. Zama a 1.12.2 ko 1.16.5 ba laifi ba ne, amma zama da tsohuwar Forge ta kafin Disamba 2021 a sabar da baƙi ke shiga ganganci ne. Duk facin da bayaninsa ya ambaci tsaro, a rufe sabar har a gyara, ko da 'yan ƙungiya za su yi ta ƙorafi.

Ni a waya nake bugawa. Na kwanta lafiya, na tashi kayan da na ƙara sun daina aiki. Me ya faru?

Play Store ya sabunta maka gem cikin dare, ko lokacin da wayar ta hau waifai. Minecraft na waya, wato Bedrock, ba ya amfani da mod irin na Java. Nasa ƙarin ana kiransu add-on, kuma suna bin tsarin da kamfani ya tanada. Waɗanda suka tsaya a kan tabbataccen ɓangaren tsarin sukan tsallake faci lafiya. Waɗanda ke cewa sai ka kunna maɓallan gwaji kafin su yi aiki su ne ke mutuwa, domin kamfani bai yi alkawarin komai a kan abin gwaji ba. A 1.21.20 ta Agusta 2024 an cire maɓallin Holiday Creator Features ɗungurungum, add-on masu yawa suka tafi tare da shi.

Masu waya sun fi masu kwamfuta takura, don babu hanyar hukuma ta komawa tsohuwar siga. Rigakafin shi ne shiga shafin Minecraft a Play Store, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a cire alamar sabuntawa da kansa. Amma ka sani in abokanka sun sabunta kai ba ka yi ba, za ka iya kasa shiga duniyarsu. Shawarar ta ƙungiya ce, ba ta mutum ɗaya ba. Duba amsar mai riƙe da sabar a ƙasa.

Na riga na buɗe duniyata a sabuwar siga. Zan iya mayar da ita tsohuwa?

Kada ka dogara da haka. Gem yana da hanyar juya tsofaffin bayanai zuwa sababbi, ba shi da ta juyawa baya. Duk sashen ƙasar da ka taka a sabuwar siga an sake rubuta shi. In ka buɗe shi da tsohuwa, gem zai gargaɗe ka, in ka yi kunnen ƙashi kana iya tarar da akwatuna babu kaya, ko wani yanki ya koma daji kamar ba a taɓa gini a wurin ba. Hanyar komawa guda ce: kwafin da ka yi kafin ka buɗe.

Yaya ake yin kwafin, kuma sau nawa?

A cikin gem, zaɓi duniyar, taɓa Edit, sannan Make Backup. Zai dunƙule ta ya ajiye a foldar backups. Ko ka rufe gem ka shiga foldar saves da ke cikin .minecraft ka kwafe foldar duniyar da hannu. Mai mod ya haɗa da foldar mods da ta config, domin duniyar mod ba tare da mod-mod ɗinta ba rabin kaya ce. Rubuta kwanan wata da siga a sunan fayil ɗin. Kuma a fitar da shi daga kwamfutar, a filas ko a waya. Kwafin da ke kwana a kwamfuta ɗaya da asali tare za su tafi.

Mu a nan ɗaukewar wuta ta fi faci cin duniyoyi. Laftof nawa ne a gari batirinsu ya mutu, suna rayuwa da caja kawai? Gem yana ajiye ƙasa a manyan fayiloli, kowanne ya ƙunshi sassa 32 sau 32, kowane sashe faɗinsa bulo 16 sau 16. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu a ɗaya daga cikinsu, yankin kan iya lalacewa, kuma galibi yankin da kake tsaye ne, wato gidanka. Idan duniya ta ɓace daga jeri gaba ɗaya, duba cikin foldarta: kusa da level.dat akwai level.dat_old, sau da yawa sauya masa suna zuwa level.dat yana dawo da ita. Wanda batirinsa ya mutu ya yi kwafi duk ranar da ya yi gini mai yawa, kuma in za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, ya fita daga duniyar tukuna.

Ta yaya zan gane facin ne ya jawo, ba kwamfutata ba?

Dubi yadda faɗuwar take. Idan gem ya ƙi buɗewa sam daga sabuntawa, matsalar tana tsakanin siga da loda da mod da Java. 1.17 ta buƙaci Java 16, 1.18 ta buƙaci 17, 1.20.5 ta buƙaci 21, kuma masu sabar da masu amfani da wasu manhajojin buɗewa su ke sa Java da kansu. Idan gem ya tashi lafiya, ya yi ta nauyi sannu a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, sannan ya rufe, zargi ƙarancin ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Manhajar Mojang ta daɗe tana ware wa gem gigabait 2, wanda ba ya isar babban tarin mod. Sai dai mai laftof ɗin gigabait 4 kada ya ba gem fiye da rabi, Windows ma tana bukatar abin numfashi. Ya rage mod ya fi masa.

Idan kuwa kwamfutar ce gaba ɗaya ta mutu, allo ya yi baƙi, babu ruwan Mojang. Zafi ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, za ka ga yaro ya ɗora laftof a kan katifa ƙarfe biyu na rana, fanka tana kuka kamar za ta tashi, ƙurar hunturun bara duk ta toshe ramukan iska. Injin yana rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, in abin ya ƙi ya kashe kansa. Ɗaga bayanta a kan littafi biyu, kai ta wurin mai gyara ya hure fankar ya sauya man da ke kan firosesa. Faci da yawa sun sha zagi a kan laifin ƙura.

Na ga rahoton faɗuwa, amma duk Turanci ne da lambobi. Ina zan duba?

Ba sai ka fahimci komai ba. Buɗe fayil na ƙarshe a foldar crash-reports, ko latest.log a foldar logs, da Notepad. Layukan farko su ne masu amfani. NoSuchMethodError ko NoClassDefFoundError na nufin wani mod yana neman abin da babu shi a wannan siga, ko ya rasa wani mod ɗin da ya dogara da shi. Mixin apply failed na nufin mod ya zo kutsawa ya tarar an sauya wurin, kuma sunansa yakan fito a layin. UnsupportedClassVersionError Java ce ta tsufa. OutOfMemoryError ram ne, koma amsar da ta gabata. Bi layukan da ke ƙasa da kuskuren ka nemi suna na farko da ba minecraft ba ne, ba java ba. Galibi shi ne mai laifin, ko maƙwabcinsa.

Idan rahoton bai nuna kowa ba, raba mod-mod ɗin gida biyu a kan kwafin duniya, cire rabi, gwada. Rabin da matsalar ta bi, sake raba shi. Mod 64 gwaji shida ya ishe su. A bar Fabric API da sauran waɗanda wasu ke dogara da su a ciki, in ba haka ba za ka haifi sabon kuskure ka bi shi banza.

Ni ne mai riƙe da sabar ƙungiyarmu, kowa kuma da ƙarfin datarsa. Yaya zan tafiyar da sabuntawa?

Doka ta farko: mutum ɗaya ke sabuntawa, kuma kai ne. Ka sanar da rana, zai fi kyau bayan jarrabawa ko ƙarshen mako. Ka yi kwafi, ka gwada sabuwar siga da sababbin mod a kwamfutarka da kwafin duniyar, ka zaga inda aka fi gini, ka buɗe akwatuna, ka shiga Nether, duniyar wuta ta cikin gem, ka dawo. In komai lafiya, ka dunƙule foldar mods da config a fayil guda mai kwanan wata. Mutum ɗaya ya sauke da datar dare daga Modrinth ko CurseForge, saura su karɓa ta filas ko Xender idan an haɗu bayan Magariba. Wannan ya rage kashe data, ya kuma kashe rigimar "nawa ya ƙi shiga", wadda kusan kullum asalinta mutum biyu ne da mod guda amma sigogi daban.

Wasu ƙananan sigogi suna magana da juna: 1.16.4 da 1.16.5, 1.20 da 1.20.1, 1.21 da 1.21.1. A sabar da babu mod, wannan yana ba da damar sabunta sabar yau, 'yan wasa su biyo a hankali. Da zarar mod ya shigo, kada a jingina da wannan.

Ka riƙa leƙa rahoton sabar kwanakin farko. Gem yana bugawa sau 20 a daƙiƙa. In ka ga Can't keep up yana ta maimaituwa, wani abu ya yi nauyi. In bugu ɗaya ya kai daƙiƙa 60, sabar tana kashe kanta da gangan, ba faɗuwa ta yi ba.

Faci ya kashe mini gona. Ai ba mod ba ce, me ya haɗa su?

Gonar a kan kuskure aka gina ta, aka gyara kuskuren. Kafin 1.16 ta Yuni 2020 akwai dabarar da ke sa rake da gora su tsiro nan take ta hanyar motsa bulon da ke ƙarƙashinsu. Aka toshe, gonaki suka tsaya cik. Dabarun ninka kaya ma haka suke, yau suna aiki gobe babu. Manhajar sabar ta Paper kan toshe irin waɗannan tun kafin Mojang, shi ya sa injin da ke aiki a duniyarka ta gida zai iya ƙi a sabar wani. Ni ban cika tausayin mai ninka lu'ulu'u a sabar jama'a ba, amma wanda ya kwana yana gina gonar rake ya cancanci a sanar da shi kafin ranar sabuntawa.

Me ya sa mai mod ɗin bai sabunta ba har yanzu? Ko in je in matsa masa?

Kada ka je. Mafi yawansu aikin sa-kai suke yi bayan sun taso daga aiki ko makaranta, kuma ƙa'idar Mojang ta hana sayar da mod. Mutum ɗaya zai iya riƙe mod a loda biyu da sigogi uku, kowane faci ya ninka masa aiki. Tambayar "yaushe za ka sabunta" ita ce suka fi tsana, wasu shafukan ma goge ta suke yi. In kana son taimakawa, tura rahoto mai kai: sigar gem, sigar loda, sigar mod, rahoton faɗuwa, da abin da kake yi lokacin da ya faɗi. Kuma kada ka kai wa Mojang ƙarar gem mai mod, ba sa karɓa. Sai ka cire mod ka ga matsalar tana nan.

Wannan nauyi ne ya sa jama'ar mod ba sa bin kowace siga. Suna zaɓar wasu su yi zango: 1.7.10, sai 1.12.2 ta 2017, 1.16.5, 1.18.2, 1.20.1, 1.21.1. Zangon 1.12.2 ya daɗe ƙwarai saboda 1.13 ta sauya yadda ake gane kowane bulo a gem, Forge ma sai da aka sake mata gini. Wanda zai fara sabon tari ya sauka a ɗaya daga waɗannan zangon, can ne mod suka fi yawa kuma suka fi nuna.

Malam, ƙanina ya ce ya samo shafin da ke da mod ɗin "an riga an sabunta". In bar shi ya sa a laftof ɗin gida?

A'a, Hajiya, kada ki bari. Mod cikakkiyar manhaja ce, duk abin da kwamfuta za ta iya yi zai iya yi, har karanta kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza. Kwanakin da ke bin fitowar faci su ne kasuwar 'yan damfara, sun san yara na neman abin da bai fito ba. In mai mod bai sa shi a shafinsa na Modrinth ko CurseForge ba, to babu shi. Ko manyan shafukan ma an taɓa shammatar su: a Yuni 2023 wata cuta da aka laƙaba wa fractureiser ta shiga ta asusun wasu masu mod a CurseForge da shafin Bukkit, tana satar bayanan shiga. An share ta, amma tun daga nan mai hankali ba ya buga gem mai mod a kwamfutar da ake shiga banki ko ajiye takardun aiki da ita. Mod na gaskiya da .jar yake ƙarewa. Wanda ya zo da .exe a goge.

Sodium da Lithium fa? An ce su ma gyara suke yi.

Haka ne, su faci ne na jama'a. Sodium ya sake rubuta yadda gem ke zana hoto, Lithium yana rage nauyin lissafin cikin gida ba tare da ya sauya dokokin wasa ba, OptiFine kuma shi ne tsohon hannu. Ga mai ƙaramar laftof, Sodium kan zama bambanci tsakanin wasa da kallon hoto mai tsalle. Amma da yake sun fi kowa shiga can cikin rubutun gem, su ne farkon karyewa, kuma dole sigarsu ta dace daidai. Kada a haɗa Sodium da OptiFine, wuri ɗaya suke nema.

Sauran wasannin neman tsira ma haka suke fama?

Kowa da irin tasa. Valheim, wanda Iron Gate ta Suwidin ta fitar a Fabrairu 2021, mod ɗinsa ta wata loda mai suna BepInEx suke shiga, kuma Steam, manhajar da ake sayen gem ɗin a kai, na sabunta shi da kansa, don haka ƙaramin faci kan tsayar da sabar mai mod. Akwai reshen default_old a sashen Betas da ke mayar da mutum sigar baya kafin masu mod su kammala. Project Zomboid yana da reshen gwaji daban, inda Build 42 ya fara fitowa a Disamba 2024, amma matsalarsa ita ce Steam Workshop na sabunta mod ga 'yan wasa kai tsaye, sai su kasa shiga har a sake kunna sabar. Rust kuwa bai ɓoye ba: Alhamis ta farkon kowane wata akwai sabuntawa, taswira kuma sabuwa.

Wanda ya gaji da wannan duka, ko ba shi da kuɗin sayen gem, ya gwada Luanti, wanda sunansa Minetest ne kafin Oktoba 2024. Kyauta ne, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta da wayar Android, kuma an gina shi ne domin mod, da ƙofa ta hukuma a harshen Lua. Shi ma akan samu karyewa, amma ba kamar na Java ba. Ya fi saukar da fasasshen kwafi daga shafin da ba a sani ba, wanda hatsarinsa ɗaya da na tambayar Hajiya.

Mai mod ya yi watsi da shi, ƙungiya kuma na son ci gaba. Yaya za mu cire shi daga tsohuwar duniya?

Fara duba ko wani ya ɗauki aikin. Mod da yawa rubutunsu a buɗe yake, akan samu wanda ya ci gaba da shi da ɗan sauyin suna. In babu, ku sa ranar kwashe kaya tun kuna tsohuwar siga. Duk bulon da ya fito daga mod ɗin zai ɓace, duk abin da ke cikin akwatunansa da jakunkunansa zai bi shi, wani lokaci loda ta yi gargaɗi, wani lokaci shiru. A mayar da kaya akwatunan gem na asali. A sauya ginshiƙai da benen da aka yi da bulonsa, musamman inda ruwa ko narkakken dutse ke bayansu. Duk wanda ya fita daga gem yana cikin wata duniyar da mod ɗin ya ƙirƙira, ya shigo ya dawo gida kafin ranar.

Mod mai sauya yanayin ƙasa ya fi wuya. Ƙasar da aka riga aka taka tana nan yadda take, sabuwar da za a buɗe kuma za ta bi tsarin asali, sai a samu katanga miƙaƙƙiya ko kogi yankakke a inda suka haɗu. Wani lokaci ma duniyar ƙin buɗewa take yi saboda tana neman yankin da babu shi. Ku gwada a kan kwafi kamar yadda aka bayyana a amsar mai riƙe da sabar. In ta ƙi, zaɓi biyu ne: a bar tsohuwar duniya a sigarta da foldarta, ana shiga duk lokacin da aka so, a buɗe sabuwa a sabuwar siga, ko a kwashe manyan gine-gine da mod ɗin kwafe gini irin WorldEdit ko Litematica a dasa su can, bayan an cire musu bulon mod ɗin da ya mutu.